Kwaikwayon Zanen Gwanayen Da a Tarihin Koyar da Fasahar Zane

1.0 Gabatarwa

Kwaikwayon aikin magabata tsohuwar hanya ce ta koyar da zane a Turai. Wannan maƙala za ta bi diddigin al'adar daga Italiya zuwa Faransa, sannan ta dubi yadda ta zama abin jayayya a Nijeriya.

2.0 Daga Shagon Gwani zuwa Makaranta

A wajajen shekarar 1400, Cennino Cennini ya rubuta littafin jagora ga masu koyon zane, inda ya shawarci ɗan koyo da ya zaɓi gwani guda mafi shahara ya lizimci kwaikwayon aikinsa, kafin ya sami salon kansa. A bisa wannan turba Michelangelo ya tashi. Ya shiga shagon Ghirlandaio a 1488 yana ɗan shekara 13, ya kuma kwafi zanen bangon Giotto da na Masaccio a majami'un birnin Florence.

Da aka kafa makarantar zane ta Florence a 1563, da ta Faris a 1648, sai al'adar ta zama manhaja mai matakai uku. Ɗalibi zai fara da kwafar zane daga takarda, ya wuce zuwa mutum-mutumin farar ƙasa da aka ɗauko siffarsa daga gumakan Girka da Rum, daga nan ne za a yarje masa ya zana mutum mai rai. Hikimar ita ce, gwani ya riga ya mayar da jiki mai kauri zuwa layi da inuwa, don haka ɗalibi yana koyon yadda aka warware matsalar kafin ya fuskance ta da kansa. Tsakanin 1866 da 1871 Charles Bargue ya fitar da jerin zanuka 197 domin wannan horo, waɗanda Van Gogh ya kwafa tun daga 1880. Amma a ƙarni na 20 makarantu irin su Bauhaus, wadda aka buɗe a Jamus a 1919, suka juya wa kwafi baya, suka fifita gwaji da launi da kayan aiki.

3.0 Al'adar a Nijeriya

Aina Onabolu ya koya wa kansa zane ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da mujallun Turawa, kafin ya tafi karatu Landan da Faris daga 1920 zuwa 1922. Kenneth Murray kuwa, wanda ya iso a 1927, ya karkatar da ɗalibansa, ciki har da Ben Enwonwu, zuwa ga fasahar gida. A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyar da ta ƙalubalanci manhajar Ingila. Sai dai shi kansa Okeke ya koma ya nazarci zanen uli na matan Ibo, ya gina salonsa a kai.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa matasan Zariya ba su yi watsi da koyi da magabata ba. Sun sauya magabatan da za a yi koyi da su ne. Saboda haka tambayar da ke gaban masu tsara manhaja ita ce, aikin wa za a ɗora a gaban ɗalibi, kuma yaushe za a ɗauke shi domin ya zana abin da idonsa ya gani?