Borno da Taƙaddamar Rabon Ruwan Komadugu Yobe

Garin Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, yana kusa da fadamar Jere, inda kogin Ngadda yake bajewa bayan ya ratsa Maiduguri, kuma da wannan ambaliya ta shekara-shekara manoman yankin suka daɗe suna noman shinkafa. Bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Alau a 1986, domin shayar da birnin da kuma noman rani, ruwan da ke isa fadamar ya koma hannun masu buɗe ƙofar madatsar. Abin da ya sami Jere ƙaramin misali ne na halin da jihar Borno take ciki a kan wani kogi da ya fi Ngadda girma, wato Komadugu Yobe, wanda ita ce ta ƙarshe a cikin jihohin da suke shan ruwansa.

Komadugu Yobe haɗuwar koguna biyu ne: kogin Haɗeja, wanda rassansa na Kano da Calawa suke ciyar da shi, da kogin Jama'are, wanda yake gangarowa daga tsaunukan Jos ya bi ta Bauchi. Bayan sun bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, sai su fito ta Gashuwa, su wuce Gaidam da Damasak, su zama iyaka tsakanin Najeriya da yankin Difa na Nijar, kafin su faɗa Tafkin Chadi. A zamanin Jihar Arewa hukuma ɗaya ce take riƙe da wannan ƙasa duka, amma ƙirƙiro jihohi a 1967 da 1976 da 1991 ya raba kwarin kogin tsakanin jihohi 6: Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno.

Asalin rigimar shi ne madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a kan kogin Kano, aka kammala ta a 1974, sannan madatsar Calawa ta biyo baya a 1992. An gina su ne domin ruwan shan Kano da noman rani irin na Kadawa, kuma sun biya wannan buƙata, sai dai sun rage ambaliyar damina wadda manoma da masunta da makiyaya na ƙasa suke rayuwa a kanta. Wani abin da ba a yi tsammani ba shi ne, sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani ya ba ciyawar kacala damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin kogin, har ya zama wasu garuruwa suna fama da ruwan da ya kwanta a gonakinsu, wasu kuma ruwan bai ƙara isa gare su ba. Sakamakon haka, yawancin ruwan da yake kaiwa Gashuwa a yau na Jama'are ne.

Wannan ne ya sa batun madatsar Kafin Zaki, wadda ake son ginawa a kan Jama'are a jihar Bauchi, ya zama abin taƙaddama. An fara aikin a zamanin Shehu Shagari, aka dakatar, aka sake tayar da shi, aka sake dakatarwa, kuma duk lokacin da Bauchi ta farfaɗo da maganar, kamar yadda ta yi a zamanin gwamna Isa Yuguda, sai Yobe da Borno su ƙi amincewa. Hujjar Bauchi ita ce Kano ta tare nata kogin ba tare da neman izinin kowa ba. Hujjar na ƙasa kuwa ita ce Jama'are ne kaɗai ya rage musu. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma na ƙasa ne asarar za ta fi shafa.

A dokance, ruwan ba na kowace jiha ba ne. Dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, tsarin mulkin 1999 ya ajiye batun a hannun Majalisar Tarayya, sashe na 232 kuma ya ba Kotun Ƙoli hurumin sauraron ƙara tsakanin jiha da jiha kai tsaye. A Amurka ta irin wannan ƙofa jihar Kansas ta kai ƙarar jihar Kolorado, har hukuncin 1907 ya kafa ƙa'idar rabo bisa adalci, wato a auna buƙatar kowane ɓangare maimakon a bar wa na sama duk abin da ya iya tarewa. A Najeriya kuwa an fi karkata ga taro. Gwamnatin tarayya ma ta raba kogin tsakanin hukumominta biyu, ta raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano, wadda take riƙe da ƙofofin Tiga da Calawa, da ta raya Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda take jiran abin da ya sauko.

An ƙulla manyan yarjejeniyoyi biyu. A ranar 18 ga Yuli, 1990, Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan koguna 4 da suka yi tarayya a kai, ciki har da Gulbin Maraɗi da ƙarshen Komadugu Yobe. A 2006 kuma jihohin 6 da gwamnatin tarayya suka haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da kwarin kogin, suka kafa asusun amintattu domin gyaran hanyoyin ruwa. Asusun ya taimaka wajen yashe magudanai da sasanta manoma da makiyaya, amma ba kotu ba ne, ba shi da ikon tilasta wa kowa ya saki ruwa. Muddin doka ba ta ƙayyade adadin ruwan da dole ya wuce Gashuwa a kowace shekara ba, tare da hukumar da za ta auna ta kuma hukunta wanda ya saɓa, Borno da Difa ba su da wani kaso da za su iya nema a gaban alƙali.