Ƙara wa injin turbo ƙarfi: yadda ake yi, da abin da yake ci a hanyar Birnin Gwari

Turbo na'ura ce da ake haɗawa da injin mota domin ta cusa masa iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa. Da yake mai ba ya ƙonewa sai da iska, injin da ya samu iska mai yawa yana iya ƙone mai da yawa, ya ba da ƙarfin da ya zarce girmansa. Galibin manyan motocin dizal da ke kwaso masara, dawa da shanu daga ƙasar Birnin Gwari zuwa Kaduna da Funtuwa da turbo suke tafiya. Haka ma ƙananan motoci da dama da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Honda Accord samfurin 2018 mai injin lita 1.5.

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasahar a 1905. Ta fara aiki a jiragen ruwa da manyan motoci, sai a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya sanya ta a ƙananan motoci. Peugeot, wanda ya soma harhaɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya fitar da 604 mai injin dizal da turbo a Faransa a 1979.

Yadda take aiki

A cikin turbo akwai fanka biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko kafin ya wuce salansa, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska daga waje ta danna ta cikin inji. A ƙaramar mota sandar kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke raba ta da gogar ƙarfe sai ɗan siririn baƙin mai. Iskar da aka danne takan yi zafi, saboda haka ake bi da ita ta wani ƙaramin lagireto da ke sanyaya ta. Akwai kuma wata ƙofa da ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi idan matsin iska ya kai iyakar da kamfani ya tsara. Duk wani aikin ƙara ƙarfi a kan wannan iyaka yake: a ɗaga ta, a ƙara mai daidai da ita.

Hanyoyin da ake bi

A tsofaffin motocin dizal, aikin na hannu ne. Bakanike zai kwance famfon mai ya ɗan juya noti domin nozul ya riƙa feso mai fiye da ƙima, wani lokaci ya ƙara ɗaure sandar ƙofar hayaƙi. Motar za ta ja, amma alamar aikin ba ta ɓuya: baƙin hayaƙin da ke turnuƙe bayan tirela a hawan tudu man da bai ƙone ba ne, wato kuɗin mai ne ke tashi sama.

A sababbin motoci kuwa, kwamfutar inji ce ke yanke yawan mai, lokacin kunna wuta da matsin iska. Ita ce kanikawa ke kira birenbos. Ana jona mata kwamfuta ta wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ta zama dole a motocin Amurka tun 1996, a sauya lissafin da ke cikinta. Masu wannan sana'a a Turai sun kasa aikin mataki uku. A na farko lissafi kawai ake taɓawa, kuma ƙarfi kan ƙaru da kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. A na biyu ana sauya bututun salansa da na'urar sanyaya iska. A na uku ana sa babbar turbo da manyan nozul, har ma da fistin masu jure zafi, kuma a nan mota ta tashi daga abin hawa ta koma ta tsere. Wanda ke shakkar tasirin lissafin kwamfuta a inji sai ya tuna badaƙalar Volkswagen ta 2015, lokacin da kamfanin ya amsa cewa motocinsa na dizal kusan miliyan 11 na ɗauke da manhajar da ke sauya halin inji idan ana gwajin hayaƙi.

Daga ina ƙarin ke fitowa

Ƙarfin da mai gyara ke fitarwa ba ƙirƙirarsa ya yi ba. Kamfani ne ya bar rara da gangan, domin inji ɗaya ya rayu a ƙasar ƙanƙara da ƙasar zafi, a hannun mai kula da shi da hannun mai sakaci, da mai mai kyau da gurɓatacce. Mai gyara wannan rarar yake cinyewa. A Jamus, inda titi ke shimfiɗe kuma mai ke da tabbas, cinikin na iya yin riba. A yammacin Kaduna kuwa, yanayi ya riga ya cinye mafi yawan rarar tun kafin a taɓa komai.

Zafin watan Maris da Afrilu yana kusantar digiri 40, kuma iska mai zafi ba ta ɗauke da iskar shaƙa kamar mai sanyi. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta tana toshe matacin iska, idan kuma matacin ya huje, ƙurar na gwaguye fikafikan fanka kamar an goga musu yashi. Ga kuma lodin da ya wuce ƙa'ida, wanda ke sa inji ya daɗe yana aiki a ƙarshen ƙarfinsa.

Batun mai ya fi duka nauyi. Ƙa'idar fetur a Najeriya ita ce lambar oktan 91, alhali lissafin da ake saukowa da shi daga intanet yawanci an tsara shi ne bisa fetur mai lamba 95 ko 98 na Turai. Idan aka ɗaga matsin iska a kan fetur mai ƙaramar lamba, man kan fashe da kansa kafin lokacinsa, ya riƙa dukan kan fistin har ya tsaga shi ko ya ƙone gaskit. A ɓangaren dizal, rahoton ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan a 2016 ya nuna yadda ake sayar wa Afirka ta Yamma mai mai yawan sinadarin salfa, kuma a 2020 ne ministocin ECOWAS suka amince da rage shi zuwa kashi 50 cikin miliyan. Masu motoci ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin metanol. Wannan duk a gidajen mai na birni ne. A ƙauye, inda ake sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu, direba ba shi da hanyar sanin abin da ya zuba.

Hanyar da ba a son tsayawa

Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta haura kilomita 100, ta ratsa Buruku da Udawa, kuma ta shafe shekaru tana cikin hanyoyin da matafiya suka fi tsoro saboda 'yan bindiga. Yankin gabas, inda gundumar Kazage da garin Damari suke, ƙasar noma ce da rashin tsaro ya raba manoma da dama da gonakinsu. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu, motocin kaya suka dawo.

Ba abin mamaki ba ne direban da ya san wannan hanya ya so motar da za ta fizga idan ya taka. Sai dai lissafin bai tsaya a nan ba. Rami ne ke ƙayyade gudu a irin wannan titi, ba ƙarfin inji ba, kuma abin da ya fi hatsari shi ne mota ta mutu a tsakiyar daji, nesa da bakanike. Turbo da aka matsa wa ba ta cika yin sallama ba. A injin dizal, idan abin da ke tare mai a cikin turbo ya lalace, inji na iya zuƙar baƙin mansa ya riƙa gudu da kansa ko an zare makulli, har sai ya buga. Ƙarin ƙarfi kuma yana bi ta kuloci da giya waɗanda ba a ƙera su don shi ba, birki kuwa yana nan yadda yake. Motar da ta tashi daga gudun kilomita 100 zuwa 120 a sa'a tana buƙatar ƙarin tazarar tsayawa ta kusan kashi 44 cikin ɗari.

Ta fuskar doka, tun 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, don haka cire ta ko kashe ta a cikin kwamfuta laifi ne. Sabuwar mota kuma tana rasa garantin kamfani da zarar an gano an taɓa lissafinta.

Sau da yawa motar da ake kai wa bakanike don a ƙara mata ƙarfi nata ƙarfin ne ya zube. Tiyon iska da ya tsage, matacin da ƙura ta cika, nozul da ya toshe da na'urar sanyaya iska da laka ta lulluɓe kowannensu na rage jan mota, kuma gyaransu bai kai kuɗin sabuwar turbo ba. Haka nan fasa matatar hayaƙi da kanikawa ke kira indomi, ko cire na'urar daidaita zafin ruwa kamar yadda aka saba a garejojinmu, yana rikita lissafin kwamfuta, mota ta ƙara shan mai. Turbo na son baƙin mai irin wanda kamfani ya rubuta, a sauya shi da wuri idan ana bin hanyar ƙura. Bayan doguwar tafiya da kaya, ana barin inji ya yi sulo na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe shi, domin man da ya tsaya cik a cikin turbo mai zafi yana ƙonewa ya daskare a kan sandar.