Daga Gaban Alƙali Zuwa Kujerar Alƙali: Constance Baker Motley

A tsarin shari'ar Amurka, alƙalin kotun tarayya ta matakin farko shi ne mai sauraron shaidu da tantance hujjoji. Shugaban ƙasa ne ke zaɓen sa, Majalisar Dattawa ta tabbatar, kuma yana kan kujera har iyakar rayuwarsa. Sai a 1966 baƙar fata mace ta fara hawa wannan kujera: Constance Baker Motley.

An haifi Constance Baker Motley a 1921 a New Haven. Iyayenta 'yan ci-rani ne daga tsibirin Nevis, kuma ba su da halin kai ta jami'a. Wani attajiri, Clarence Blakeslee, ya ji ta tana jawabi a wani taro, ya ɗauki nauyin karatunta. Ta gama karatun lauya a Jami'ar Columbia a 1946, tana aiki ƙarƙashin Thurgood Marshall a ofishin lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata.

Shekaru kusan ashirin ta yi tana zarya a kotunan kudancin ƙasar, inda wariyar launin fata take doka. A nan ta san irin ƙarfin da ke hannun alƙalin matakin farko, ta kuma ɗanɗana kuɗarta. A ƙarar James Meredith, wani baƙar fata wanda Jami'ar Mississippi ta hana gurbi, Alƙali Sidney Mize ya yanke cewa ba launin fata ne dalili ba, alhali kowa a jihar ya san gaskiya. Sai da ta ɗaukaka ƙara kafin Meredith ya shiga aji a 1962, da rakiyar jami'an tsaron tarayya. A Kotun Ƙoli kuwa, ƙararraki 10 ta tsaya wa, ta ci 9.

Da Shugaba Lyndon Johnson ya zaɓe ta zuwa kotun tarayya da ke Manhattan, Sanata James Eastland na Mississippi ya riƙe sunanta wata da watanni bisa zargin alaƙa da 'yan gurguzu. Zargin bai yi tasiri ba, aka tabbatar da ita.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne a 1975. Wata lauya ta kai ƙarar babban kamfanin lauyoyi na Sullivan & Cromwell kan nuna wa mata bambanci. Lauyoyin kamfanin suka nemi Motley ta janye, wai tun da mace ce kuma baƙa, ba za ta yi adalci ba. Ta ƙi. Hujjarta ita ce kowane alƙali yana da jinsi da launi. In hakan na hana shari'a, to babu mai zama a kotun. Har yau alƙalai na kafa hujja da wannan matsayi nata.

A 1978 ta ba 'yar jarida Melissa Ludtke gaskiya, ta ce ba a isa a hana mata shiga ɗakin 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Yankees don hira ba muddin an bar maza. Ta zama shugabar alƙalan kotun a 1982, ta kuma ci gaba da sauraron ƙararraki har rasuwarta a 2005.