Kabawa: Asalin Sunan da Yadda Ya Bazu

Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, da garuruwan da ke jere a bakin fadamar Rima, duk wanda ya ce shi Bakabe ne yana danganta kansa da sunan da ya yi shekara ɗari biyar yana amo. Sai dai Kabawa ba zuriyar kaka ɗaya ba ne. Daula ce ta tara su, sunanta ya zame musu sunan dangi.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a littafinsa Infakul Maisuri cewa Kabawa sun haɗa jini biyu, na Songhai ta wajen uba, na Katsina ta wajen uwa. Labarin Muhammadu Kanta ya bi wannan sawu. Masu ba da tarihi na cewa daga Kuyambana ta ƙasar Katsina ya fito, ya yi jarumta a rundunar Askiya Muhammadu na Songhai, har saɓani ya shiga tsakaninsu a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas. Wajen 1516 ya ɓalle ya kafa daularsa. Ya gina Surame da Gungu da Leka, kuma daga Leka ne gidan sarauta ya samu sunan Lekawa, wanda ake kiran sarakunan Argungu da shi har yau. Masunta da manoma da maƙera da mayaƙa daga sassa dabam-dabam suka taru ƙarƙashin Kanta, jikokinsu suka tashi Kabawa.

Da Surame ta yi rauni a farkon ƙarni na 18, Sarkin Kabi Tomo ya mayar da fada Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da jama'arsa. A nan sunan ya rabu hanya biyu. Waɗanda suka yi nasara ba su yar da shi ba: Muhammadu Moyijo, jagoran Fulanin yankin, ya zama Sarkin Kabin Yabo, a Jega ma Sarkin Kabi ake ce wa mai garin. Su kuwa Lekawa sai suka kafe a Argungu. An kashe sarkinsu Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato. A 1849 Nabame ya dawo ya ɗaga tutar bore, Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya, kuma Argungu ba ta sake miƙa wuya ba har Turawa suka iso.

Ruwa ma ya kai sunan nesa. Masuntan Kabi, waɗanda ake kira Sarkawa, sun bi Gulbin Kabi da jiragensu suka faɗa Kwara, suka kafa sansani a Yawuri da gaba da ita. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata kuma ta bar 'yan'uwa da abokan arziki na Kabawa a ɓangaren Dosso na Nijar.

Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar sulhu da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934. Wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da ƙaton goransa, ya ga sana'ar da ta riƙe sunan Kabi tun zamanin Kanta. A 1991 kuma aka raɗa wa sabuwar jiha sunan, Zuru da Yawuri da Gwandu duk suka shiga inuwarsa.

Abin da ya rage shi ne kula da tushen. Ganuwar Surame, wadda aka gina da duwatsu, tana cikin daji a jihar Sakkwato, tana zubewa kaɗan-kaɗan. Ya kamata jihohin Kebbi da Sakkwato su haɗa hannu su tsare ta, a riƙa kai 'yan makaranta can da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, a kuma naɗi muryoyin dattawan da suka haddace jerin sarakunan Kabi tun suna raye.