Kibɗawa a Gobir, Kiristoci a Kwararrafa: Me Ƙasa Ta Shaida?

Gabatarwa

Tarihin baka yakan riƙe labari ɗaruruwan shekaru, amma ba ya riƙe kwanan wata. A kan haka ne masana suka koma ga kimiyyar tonon kayan tarihi domin su auna abin da aka ji da abin da aka gani. Wannan maƙala za ta dubi labarai biyu da ke danganta ƙasashenmu da Kiristancin farko, sannan ta gwada su da irin shaidar da aka tono a Nubiya da Habasha.

Labaran Biyu

Na farko shi ne na Gobirawa. A cikin Infaƙul Maisur, wanda ya rubuta a 1812, Muhammadu Bello ya kawo cewa asalinsu daga Kibɗawan Masar ne, kuma Kibɗawa su ne ma'abota ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un duniya.

Na biyu ya fi kusa da mu a nan Gombe, domin ya shafi Kwararrafa, daular da ake dangantawa da Jukunawa, waɗanda Pindiga ta ƙaramar hukumar Akko ke cikin tsofaffin garuruwansu. A farkon ƙarni na 18, labari ya isa Tarabulus ta bakin fatake da bayi cewa akwai Kiristoci a Kwararrafa masu girmama alamar gicciye. Labarin ya kai Rum, aka tura limamai biyu 'yan ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria da Severino. Sun bar Tarabulus a 1710, suka bi ta Fezzan da Agadas, suka isa Katsina, inda rashin lafiya ta yi ajalinsu a 1711 ba tare da sun ga Kwararrafa ba. Masanin tarihi Richard Gray ya bi diddigin wannan tafiya a wani nazari da ya wallafa a 1967.

Yadda Shaida Take Idan Akwai Ta

Domin a gane nauyin waɗannan labarai, ya kamata a dubi inda aka gwada irinsu. Marubucin ƙarni na 6, Yohana na Afisa, ya ruwaito cewa wani limami mai suna Yuliyanus ya kai Kiristanci Nubiya wajen shekarar 543. Tsakanin 1961 da 1964, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye yankin, ayarin Kazimierz Michałowski na ƙasar Folan ya tono babbar majami'ar Faras daga cikin rairayi. An samu zane-zanen bango fiye da 100, da jerin sunayen bishop-bishop rubuce a jikin gini. Nan ƙasa ta gaskata ruwaya.

A Habasha kuwa, sufayen gidan ibadar Abba Garima sun daɗe suna cewa waliyyinsu ne ya rubuta littattafan Linjilar da ke hannunsu a ƙarshen ƙarni na 5, kuma cikin yini guda. Masanan Turai sun ɗauka ba su wuce ƙarni na 11 ba. Da aka yi wa fatar gwajin kabon a Oxford, wato auna raguwar wani sinadari da ke zagwanyewa a hankali bayan mutuwar dabba, sai sakamako ya faɗa tsakanin ƙarni na 4 da na 7. Gwajin ya goyi bayan sufayen a kan tsufan littattafan, amma bai ce uffan ba game da karamar yini guda, domin wannan ba hurumin awo ba ne.

Abin da Aka Samu a Wajenmu

Wurin da ya fi dacewa da labarin Gobir shi ne Marandet, kudu da Agadas, wanda masana ke gani shi ne Maranda da Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9, kuma yana cikin yankin Azbin inda Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kudu. Tonon da Henri Lhote da waɗanda suka biyo bayansa suka yi ya fito da dubban ƙananan tukwanen narkar da tagulla. Wannan shaida ce ta sana'a da fatauci mai nisa. Sai dai ba a tono majami'a ba, ba a kuma samu rubutun Kibɗanci ba. Haka lamarin yake a kwarin Gongola da Binuwai. Alamar gicciye ita kaɗai ba hujja ba ce, ganin cewa Buzaye Musulmi na ƙera ta a matsayin ado.

Kammalawa

Idan an ajiye Faras kusa da Marandet, bambancin a fili yake. Al'ummar da ta yi Kiristanci ƙarni da ƙarni takan bar gini, da kabari, da rubutu. Abin da ƙasarmu ta nuna zuwa yau shi ne hanyoyin da labari zai iya biyowa, ba mazaunin Kiristocin farko ba. Wannan bai zubar da darajar tarihin baka ba, domin yana bayyana yadda sarautu suke neman asali daga Gabas. Tsofaffin kufai na yankin Gombe na jiran masu tono, kuma aikin ɗalibin Hausa a nan shi ne ya tattara ruwaya da amana, ya kuma bar ma'auni ya faɗi tasa.