Binciken Kula da Man Inji a Masana'antu

Binciken kula da man inji bin diddigi ne da ake yi a masana'anta kan yadda ake sayen mai da giris, da ajiyarsu, da zuba su a boris da giya. Mai bincike yakan fara daga sito, domin durom ɗin da aka bari tsaye a waje yana tara ruwan sama a murfi, ya tsotse shi ciki. Ana kai samfurin mai ɗakin gwaji a auna kaurinsa, a ƙirga ƙurarsa da ma'aunin ISO 4406. Cika giris ma illa ce, yana sa boris zafi. Rahoton Jost na 1966 a Birtaniya ne ya fito da girman asarar da gogayya da lalacewar injina ke jawo wa masana'antu.