Labarin Gidan Sarki na Fanisau da Gandunsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma bayan haka, ya kai mai neman sani, ina nufin in bayyana maka asalin gidan nan na Fanisau, arewa da birnin Kano, da yadda aka gina shi.

Ka sani, Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a shekara ta 1819. Sa'an nan Ɗan Tunku ya ƙi binsa, ya tsare arewa da yaƙi. Domin haka Dabo ya mai da Fanisau ribaɗi, watau mazaunin masu tsaron iyaka. Can Bature Clapperton ya iske shi a 1824. To, masu ribaɗi ba su zama sai da abinci, dawaki ba su zama sai da harawa. Saboda haka aka yi gandu kewaye da garin, aka zaunar da bayi suna noman dawa da gero.

Fasali a kan ginin. Irin ginin Kano ne. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali, a shanya, a jera shi cikin laka. Gindin bango kauri gare shi, yana sirancewa zuwa sama. Rufi kuwa da azara ne, itacen giginya, gama gara ba ta cinta da sauri. Azara ba ta iya ƙetare babban soro, sai magina suka ɗaura ta guntu bisa guntu, suka tanƙwara, shi ne bakan gizo. Bisa rufi a sa indararo domin ruwa, a shafe bango da makuba. Mai shiga sai ya bi ta zaure, kana ya kai cikin gida.

Nasara suka ci Kano a 1903, aka soke bauta da doka a 1936. Gandu na bayi ya wuce, gida ya saura, har aka san hawan Salla da sunansa, Hawan Fanisau.

Ni abin da na ce maka shi ne, ginin ƙasa ba ya tsayuwa sai da yaɓe bayan damina. Sunan sarki yana cikin littattafai, amma waɗanda suka ɗauko ƙasa da ruwa, bangon nan shi ne shaidarsu. In an bar shi ya zube, shaidar ta tafi. Tammat.